Shirin Zuwa Jin Kiɗan Tsofaffi

A daminar da ƙwaƙwalwar Baba ta fara barinsa gaba ɗaya, ni ce nake kula da shi. Ba zama aka yi aka raba aiki aka ba ni wannan ba. Mijina ya daɗe da rasuwa, 'ya'yana mata biyu suna ɗakunan mazajensu, ɗaya a Bauchi ɗaya a Kaduna, ni kuma na dawo gidanmu na Anguwan Rogo da zama. Ɗakina yana jikin na Baba. Ƙanina da matarsa da yaransu suna can ɗaya sashen, bayan rijiya. In Baba ya yi kira, ni nake fara ji, ni nake fara tashi, har abin ya zama nawa.

Ina koyarwa a wata firamare, aji huɗu. Da safe ƙanina yakan shigo ya yi wa Baba wanka cikin sauri ya wuce shagonsa na kayan wuta. Sauran duk ni ce: sauya zanin gado, dama kunun gyaɗa, ba shi cokali-cokali, lallashinsa ya haɗiye magani. Abinci kuwa daga hannuna kaɗai yake karɓa. A lokacin bai san sunana ba, wani sa'in ya kira ni da sunan mahaifiyarmu, wani sa'in ya ce «yarinyar nan», amma da wani zai miƙa masa cokali sai ya datse baki ya juya wa mutum ƙeya. Don haka ana kaɗa ƙararrawar tashi nake kama hanya, ba na tsayawa ko hira da sauran malamai. In na makara, zan tarar da shi a bakin gado da yunwa yana tsinkar zaren bargo. Asabar wanki, Lahadi duba littattafan yara. Na kai inda in na shiga keke mai ƙafa uku sai na roƙi direban ya tashe ni in mun iso, don na san gyangyaɗi zan yi.

A cikin wannan hali ƙawata ta kira ni, wata Laraba, yara sun fita tara.

Ita Ibo ce, amma a Jos aka haife ta, a gidan haya ɗaya da ni a Gada Biyu, wata biyu tsakaninmu. Babanta yana sayar da kayan gyaran babur, nawa direba ne a kamfanin haƙar kuza. Hausarta ba ta da maraba da tawa, ta ma fi ni iya baƙar magana. A bayan gidan akwai rumfar wani kafinta, inda wasu samari bakwai suke haɗuwa da yamma suna gwajin kiɗa. Suna da jita biyu, da ganguna, da abin busa na ƙarfe guda biyu masu ƙyalli. Su ake ɗauka bikin aure, na coci da namu duka, kuma suna waƙa da Hausa da Ibo da Turancin buroka, wani lokaci duk a baiti ɗaya. Mu biyu mukan hau katanga mu zauna muna kaɗa ƙafa, ƙurar katako tana shigar mana hanci, har a ƙwala mana kiran tuwo.

Da rikici ya raba garin, mu muka tattara muka koma Anguwan Rogo, su suka matsa ciki, Kabong, inda daga baya ta yi aure ta buɗe shagon kayan masarufi. Tsakanin gidana da nata ba wata tafiya ba ce, amma shekara takan zagayo ba mu haɗu ba, in ma mun haɗu to a kasuwa ne, a tsaye, kowa riƙe da leda.

«Malama,» in ji ta, don haka take tsokanata tun da na fara koyarwa, «tsofaffinmu za su yi wasa.»

Ban gane ba sai da ta yi bayani. Za a yi taron makaɗa a wani fili a gindin duwatsu, bayan gari ta hanyar Bukuru, ranar Asabar nan da mako uku, daga hantsi zuwa kafin magariba. Ƙungiyoyi da yawa ne, yawancinsu matasa, amma a takardar tallan da aka manna kusa da shagonta ta ga hoton mutanen rumfar kafinta. Uku suka rage a cikin bakwai ɗin. Ta ce ta riga ta yanki tikiti biyu, mijinta kuma zai kai mu a mota.

Dariya na yi. Na ce mata ni da ko suna ba na samun zuwa a layinmu. Ta ce ai ba yau ta ce ba, mako uku ne, in yi tunani. Ta kashe wayar kafin in sake magana, halinta ne tun muna yara.

Na koma aji ina rubuta lissafi a allo, sai na ji bakina yana bin wani amshi da na yi shekara talatin ban tuna ba. Yaran gaba suka soma kallon juna. A nan na san ina son zuwa, kuma a nan gajiyar shirin ta fara, tun kafin in ɗaga yatsa.

Matsala ta farko ita ce cikin Baba. In na fita bayan karin safe, ba zan dawo ba sai dab da magariba, ke nan abincin rana da maganin rana suna hannun wani. Na sami matar ƙanina a kicin na faɗa mata. Yarinya ce mai haƙuri, ta ce ba komai Yaya, mu gwada. Muka gwada kwana uku a jere, ni ina laɓe a bayan labule. Rana ta farko ya juya mata baya. Rana ta biyu ya karɓi cokali ɗaya ya tofar a kan bargo. A rana ta uku muka yi dabara, ta yafa tsohon mayafina ruwan ƙasa wanda nake sawa a gida, ta zauna inda nake zama, ta yi shiru kamar yadda nake yi. Baba ya dube ta ya daɗe, sannan ya ce, da muryarsa ta da, wadda muka daɗe ba mu ji ba, wannan mayafin ba nata ba ne, ta faɗa masa inda ta samo shi. Ya riƙe gefen mayafin ya ƙi saki, yana cewa a kira mai gida an yi sata. Ta fito tana hawaye, ni ma na rasa ko dariya zan yi ko kuka. Ranar sai da na yi awa guda ina lallashinsa kafin ya ci, kuma ya ƙi yarda a fitar da mayafin daga ɗakin.

Saura ƙanina. Na lura tun da daɗewa cewa Baba ba ya yi masa gardama wajen wanka, domin ɗaukarsa yake yayansa ne da ya rasu tun kafin a haife mu. Da ya shigo sai Baba ya gyara zama ya ce sannu da zuwa Yaya. Na yi tunanin wanda ake wa biyayya a wanka ana iya yi masa a abinci. Amma Asabar ce ranar cinikinsa, kuma ban san yadda zan buɗe baki in ce ya rufe shago saboda zan je jin kiɗa ba. Kwana uku ina juya maganar. Da na faɗa, yana tsugune yana ɗaure igiyar takalmi, bai ɗago ba.

«Kiɗa, Yaya? Da girmanki?»

Na ce masa eh, da girmana. Ya ce mutanen unguwa fa, in aka ji. Na ce mutanen unguwa ba su taɓa zuwa sun wanke zanin gado ko ɗaya ba. Ban taɓa yi masa magana haka ba, shi ma ya san haka. Ya miƙe ya fita. Washegari da rana sai ga shi ya dawo gida, abin da ba ya yi, ya karɓi kwanon daga hannuna ya shiga. Baba ya ci rabi. Ƙanina ya fito ya ajiye kwanon ya ce Asabar ɗin ta yaushe ce.

Sai maganar hanya. Wanda bai zauna a Jos ba zai ga kamar abu ne mai sauƙi, mota ta zo ƙofar gida ta ɗauke ka. Mijin ƙawata ba zai shigo da motarsa Anguwan Rogo ba, ni ma ban so ya shigo ba, masu keken layinmu kuma ba sa son shiga can cikin Kabong. Ba wanda ya hana, ba kuma wanda ake jin tsoronsa da suna, kowa dai ya san iyakarsa. Muka yi waya ta fi sau biyar a kan inda za mu haɗu. Wannan mahaɗar cunkoso ya yi yawa, waccan kuma ba wurin tsayawa. A ƙarshe muka tsaya a kan wani gidan mai da ke bakin babban titi, ƙarfe tara da rabi. Mijinta ya aiko da nasa sharaɗin ta bakinta: zai ajiye motar kusa da mafita, hancinta yana kallon titi, kuma in ya ce a tashi, a tashi, ko ana tsakiyar waƙa. Ban ga laifinsa ba. Ni ma abin da na fara tambaya ke nan, ƙofa nawa filin yake da su.

Maganar abinci ce kaɗai ta yi mana daɗi. Ta ce za ta dafa shinkafa da kaza, kuma kafin in tambaya ta ce a kasuwa za ta saya ta ba mahauci Musulmi ya yanka, kamar yadda mamanta take yi in za ta aiko mana da abincin Kirsimeti. Ni na ɗauki masa da soyayyen dankalin turawa da zoɓo. Na fara tara kaya a wata jaka a bayan ƙofa: tabarma, lema, suwaita biyu, buta, dardumar sallah, maganin ciwon kai. Kullum sai na ƙara wani abu ko na cire. Jos ce, a yini ɗaya za ka ga rana da ruwa da ƙanƙara. Kayan da zan sa ma sai da suka ci mini tunani. In na sa dogon hijabi zan fita daban a cikin taron, in na yafa gyale kuma sai na ratsa layinmu da shi da safe, idon kowa a kaina. Na yanke shawarar in fita da hijabi, gyalen yana cikin jaka. Mace mai jikoki tana wannan lissafin kamar 'yar sakandare, ni kaina abin ya ba ni haushi.

Ana saura kwana tara aka ce wani abu ya faru a wani ƙauye. Ba wanda ya san takamaimai, sai saƙonni a waya, kowanne da irin nasa labarin. Kafin sha biyu iyaye sun cika ƙofar makaranta suna janye 'ya'yansu, masu shaguna suna jan ƙofofi. Na dawo gida a ƙafa domin kekuna sun ɓace. A hanya tunanin da ya zo mini shi ne, shi ke nan za a fasa taron. Abin da na ji a raina kuma ba baƙin ciki ba ne, sauƙi ne, kamar an sauke mini tulu daga ka. Ba sai na tashi suyar masa ba, ba sai na ga fuskar ƙanina a ɗaure ba, ba sai na tsaya a gidan mai ba. Na ji kunyar wannan sauƙin, ga mutane ana cewa an taɓa su a ƙauye, ni ina murnar zan huta da shirin shaƙatawa. Kwana biyu gari ya yi tsit, a na uku kasuwa ta ci kamar ba a yi komai ba. Ƙawata ta kira ta ce ta tambaya, taro yana nan.

Ranar Juma'ar ƙarshe Baba ya tashi da ɗan zazzaɓi. Ba mai tsanani ba ne, mai maganin layinmu ya zo ya duba shi ya ce mura ce, amma ya yini yana riƙe da hannuna, in na motsa ya ƙara damƙewa. Ga ƙullun masa na jiƙa, ga wankin da na ce zan rage tun ranar don kada ya taru. Bayan la'asar na zare hannuna a hankali na fita tsakar gida na kira ƙawata. Na ce ta yi haƙuri, ta ba wata tikitin. Na ce ko na je hankalina ba zai kwanta ba, kuma gaskiya ko ƙarfin jin daɗi ba ni da shi.

Ta bari har na gama. Sannan ta ce, ba da muryar tsokana ba:

«Ban ce ki zo ki ji daɗi ba. Ki zo ki zauna kusa da ni, shi ke nan. In zazzaɓin ya ƙaru da safe, ki zauna a gida, ba zan ce komai ba. In ya sauka, ina gidan mai.»

Da safe jikinsa ya yi sanyi, ya sha kununsa har da neman ƙari. Na soya masar a tsaye, na zuba zoɓo a jarka, na rubuta wa ƙanina lokacin magani a bayan kwali na manna a bango. Sau uku ina kai bakin ƙofa ina dawowa, sau ɗaya don in nuna masa inda busassun zannuwa suke, sau biyu ba dalili. A na ukun ƙanina ya ce, Yaya ki tafi don Allah.

Na tarar da su a gidan man, ita ta fito ta jingina da mota tana dafe da gwiwa. Ta yi ƙiba, gashinta ya yi fari ta gaba, kuma ta fara ɗingishi, abin da ba ta faɗa mini a waya ba. Mijinta da girmansa ya zo Jos, Hausarsa ta kasuwa ce, kowa namiji ne a bakinsa. Ya leƙo ya ce, Malama ka zo lafiya, ka shiga baya. Muka shiga baya mu biyu, kulolin abinci a kan cinyoyinmu. Na zaci za mu yi ta hira, amma daga yaya Baba, yaya yara, sai muka koma kallon titi. An tsayar da mu a shingen jami'an tsaro sau biyu, aka buɗe but ɗin motar, aka leƙa kular shinkafa. Da muka isa, mijinta ya shafe kusan rabin awa yana jayayya da masu tsara motoci a kan wurin da yake so, sai da ya samu. Ya ce shi a mota zai zauna da rediyonsa, kiɗan yana isowa nan ma.

Filin ya fi yadda na zata girma. An kafa dandamali da rumfa a jikin wani ƙaton dutse, ciyawa kore shar har gindin duwatsun, mutane sun bazu da tabarmi da kujerun roba. Masu gasa masara da masu tsire sun ja layi ta gefe. Na ga masu hijabi, na ga masu wando, ba wanda ya kalli wani sau biyu, gyalena bai ma fito daga jaka ba. Saboda gwiwarta muka yi tafiyar a hankali, muna tsayawa, har muka sami gindin wata bishiyar turare daga gefe, inda ake hango dandamalin ba tare da lasifika ta fasa wa mutum kunne ba.

Matasa suka fara, da tsalle-tsallensu da waƙoƙin da ban san ko ɗaya ba. Bayansu wasu mutanen ƙauyukan kan dutse suka hau da wani abin kiɗa na katako mai ƙahonin shanu a ƙarƙashinsa, matansu suna rawa a jere, wannan kam na ajiye cokali na kalla. Muka ci shinkafa, muka ci masa, ta ce har yanzu yis yana yi mini yawa. Da azahar na zaga bayan wani dutse, na tarar da wasu mata biyu sun riga ni, muka yi sallah a nan muka ari butar juna. Ina dawowa aka sako yayyafi mai sanyi, muka takure a ƙarƙashin lema ɗaya, rabin jikin kowa a waje. Na kira gida sau biyu. A na biyun ƙanina ya ce Baba ya ci, ya sha magani, kada in sake kira.

Sai ruwan ya ɗauke, rana ta fito, irin mai ɗumin nan da ke biyo bayan ruwa. Mai sanarwa ya ce saura ƙungiya biyu tsofaffi su hau. Na miƙe ƙafafuna a kan tabarma, suwaitata tana bushewa a jikina. Ba wanda zai kira ni, ba abin da yake kan wuta. Na tuna na jingina kaina a kafaɗarta ina cewa ƙugu ne yake ɗan damuna.

Tafi ne ya tashe ni. Mutane duk sun miƙe tsaye, inuwar bishiyar ta koma can ɗaya gefen. Ta tsakanin ƙafafun mutane na hango ana riƙe da hannun wani tsoho mai farar riga ana sauko da shi daga matakala, wani na biye da shi rungume da jita, na ukun yana zaune a kujera ana naɗe masa wayar makirufo. Na ɗauka yanzu za su fara. Sai na ga ana kwashe gangunan.

«Sun gama?»

Ta ce sun gama. Waƙa biyar suka yi.

Ban taɓa jin haushinta irin na wannan lokacin ba. Mako uku. Mayafin, da hawayen matar ƙanina, da shagon da aka rufe, da masar da na soya idona yana rufewa. Na tambaye ta me ya sa ba ta tashe ni ba. Tana ta murza kafaɗarta da ta sage, ta ce ta ɗaga hannu za ta taɓa ni da suka hau, ta dubi fuskata, ta kasa. Ta ce tun da muka haɗu da safe take ganin kamar za a hure ni in faɗi.

Na ɗauki butata na tafi bayan dutse na yi la'asar, na daɗe a zaune a kan darduma bayan na sallame. Jikina ya yi wani irin sakayau da na manta ana ji, wuyana ya saki, idona ya washe, kuma wannan ma haushi ya ƙara mini, domin ya nuna tana da gaskiya. Da na dawo ta riga ta haɗa kuloli. Ta ba ni labarin wasan ba tare da na tambaya ba. Mai busa numfashinsa ba ya kai ƙarshen layi, sai ya tsaya ya yi murmushi ya jira. Mai waƙa ya manta baiti guda, tsofaffin cikin taro suka ɗauka suka ƙarasa masa. Ta ce ita ma ta yi amshi, a hankali, don kada kafaɗarta ta motsa.

Sannan ta ce akwai maganar da ta so faɗa mini tun da safe. Za su tafi gida a watan Kirsimeti, kuma ba dawowa za su yi ba. Ciwon sukarin mijinta ya matsa, ya gama ginin da yake yi a ƙauyensu, yaran duk suna Legas, ya ce ba ya son a ɗauki gawarsa a mota a yi doguwar tafiya da ita. Shagon ma an riga an sami mai karɓa.

Na ce wane gida, ke da ko sanyin can ba ki sani ba, nan aka binne cibiyarki.

«Can ba sanyi,» in ji ta. «Zafi ne. Kuma in na yi Ibo dariya suke mini, wai Bahaushiya ta zo.»

Ba mu yi kuka ba, ina jin dukkanmu ba mu da ƙarfinsa. Muka zauna har wata ƙungiyar matasa ta hau, sai ga mijinta ya taho yana nuna agogo, hadari kuma ya sake haɗowa ta gabas. Muka naɗe tabarma. A mota ta riƙe hannuna har gidan mai, ta tura mini sauran kazar a leda ta ce ta Baba ce, in yayyaga masa ƙanana.

Na shiga gida ana kiran magariba. Ƙanina yana zaune a dakalin ƙofar ɗakin Baba, rigarsa duk kunu, zannuwa uku a shanye a igiya, wankin da bai fita ba. Ya ce sau huɗu Baba yana tashi zai tafi wurin aiki, wai motar kamfani tana jiransa, sau ɗaya har ya kai zaure. Ya dube ni ya ce, haka kike yi kullum? Na ce wani lokaci ya fi haka. Ya tambaye ni ko kiɗan ya yi daɗi, na ce masa an ce ya yi.

Daga wannan makon ya riƙa dawowa da rana ranar Asabar da Laraba, ba tare da mun yi magana a kai ba, ya bar shagon a hannun maƙwabcinsa na awa guda. Bai rage wankin ba, bai rage tashin Baba ba, amma ranar Laraba nakan tsaya in gama duba littattafai a makaranta, in taho a hankali.

Ranar da ƙawata za ta tashi ban samu zuwa ba, jarrabawar ƙarshen zango muke, Baba kuma ya sake kwanciya. Da rana na dawo na tarar wani mai keke ya sauke turmi a zaurenmu, babba, baƙi, bakinsa ya cinye ta gefe ɗaya. Na mamanta ne, ta ce motar kaya ta cika kuma can suna da nasu. Sai da ƙanina da maƙwabcinmu suka kama kafin ya shiga kicin. Muna waya wani lokaci, in layin ƙauyen ya yarda. Takan tambayi farashin dankali, da ko an fara sanyi, ni kuma in tambayi gwiwarta, ta ce tana nan.